Hular da Na Rataya a Kan Agogon Giya

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kau da idon mugu daga kanka da motar da ke ƙarƙashinka. Innarka ta ce lalle in sa gaisuwarta a farko. To ga ta nan, ta ɗan makara, kada ka gaya mata.

Za ka yi mamakin ganin takarda a aljihun mota, alhali jiya tabarma ɗaya muka zauna. Dalili shi ne, duk lokacin da na buɗe baki in yi maka maganar mota sai ka ce, "Baba, ai na sani." Takarda kuwa ba a katse ta. Ka zauna ka karanta, in ka ga dama ka yi mini dariya, ba ni kusa balle in ji haushi.

Wallahi Lawali, murna ta hana ni zama. Tun ranar da masu haƙar burtsatsen nan suka ce kai suke so ka ja musu tankin ruwa da bututai duk ranin bana, daga Isa har ƙauyukan bayan Bafarawa, babu wanda ban gaya wa ba. Mai shayin tasha ya ji labarin sau huɗu, a na biyar ya ce in sha shayina in ƙyale shi. Direbobi nawa suka gwada? Ɗana suka zaɓa, da motar gidanmu, Dattijuwa, wadda 'yan tasha suka daɗe suna cewa ta kusa zama akurkin kaji. Ka yi tunani, duk garin da ruwa ya ɓullo bana, ku ne kuka kai kayan aikin. Ni dai ina jin kamar ni aka ɗauka.

Amma ka san halin da ka bar gida. Damina biyu ke nan ruwa yana yi mana rowa. Geronmu ya tsaya a gwiwa ya bushe, ka leƙa rumbu da idonka. Idona kuma ya fara ƙin ganin ramin hanya, shi ya sa na miƙa maka makulli. Bakin mutum goma sha ɗaya yana bayan motar nan. In ta tsaya, tukunyar Innarka ta tsaya. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, sai don ka san dalilin da ya sa tsoho zai cika takarda da zancen allurai uku.

Kada ka manta Dattijuwa ba yadda aka haife ta take ba. Da injin fetur ta zo. Mamman Bakanike ne ya cire shi ya dasa mata na gas mai tobo, na'urar nan da ke ƙara wa injin ƙarfi, ya haɗa mata giya mai canza kanta da ya samo daga wata mota 'yar waje, ya ƙara mata sifirin, muka sa manyan tayoyi. Agogunan da ke cikin allonta na asali tuni suka zama ado. Waɗannan ukun da aka ɗaure a sama su ne masu gaskiya: na zafin ruwa, na ƙarfin bugun baƙin mai, da na zafin man giya. Babu littafin kamfanin da ya san motar nan, babu direban da zai gaya maka inda allurarta ya kamata ta tsaya ta wurin kwatanta ta da tasa. Ni sai da na yi wauta uku kafin in gane haka, kuma ga su nan, ba za ni rage ko ɗaya ba.

Ta farko tsoro ne. A wancan farin da aka yi kana ɗan shekara tara, mako na biyu da Mamman ya gama aikinta, na ɗauko jarkokin ruwa za ni wani ƙauye gaba da Bafarawa. Rijiyarsu ta ƙafe, sai laka. A gidan gaba akwai wata tsohuwa 'yar garin, Iya Tumba, da na rage wa hanya. Muna cikin tafiya na dubi agogon ruwa, sai na ga allura a kan ɗari da casa'in. Abin da na riƙe tun firamare shi ne ruwa yana tafasa a ɗari. Ɗari da casa'in kuwa, ai injin ya kusa narkewa ke nan! Na taka birki, na yi tsalle na fita, na buɗe gaban mota, na sauko da jarka na tuttule wa lagireto. Na ƙara ta biyu. Ina ɗaga ta uku sai na ji muryar tsohuwa ta taga.

"Kai ɗan nan, mi kaka yi?"

Na ce, "Iya, mota za ta kama wuta."

Ta ce, "Ina wutar take? Ni ban ga hayaƙi ba. Ruwan da ɗiyanmu ka jira tun sahe kaka ba ƙarhe shi sha? Allah Shi gyara ka."

Ban saurare ta ba, na juye ta ukun. Ƙasa ta shanye shi kafin in rufe gaban motar. Da muka isa, mata sun yi layi da tuluna, uku daga cikinsu suka koma gida hannu wofi. Iya Tumba ta tsaya ta nuna ni da sandarta, ta ba su labari tun daga farko. Har yau in na tuna kallon da suka yi mini, kunya nake ji har cikin ƙashina.

Washegari na je wa Mamman da faɗa. Ya saurare ni, ya leƙa agogon, sai ya zauna a kan taya yana dariya har da hawaye.

"Garba, agogon ga na ƙasar da anka zo da giyar na. Ƙidayassu daban da tamu. Wurinsu ruwa ba shi tahwasa sai ɗari biyu da sha biyu, kuma cikin lagireto ruhe ya hi haka jimiri. Ɗari da casa'in lahiya lau ta. Ka gode Allah ba bisa kan injin kaz zuba ba, da ka tsaga shi."

Ka ga, lafiyayyiyar mota na yi wa wanka da ruwan shan mutane. Saboda haka, kafin ka ji tsoron lamba, ka san da wace ƙidaya take magana. A Dattijuwa, ruwa tsakanin ɗari da tamanin da biyar zuwa ɗari biyu zamansa ke nan. Da kaya a kan tudu zai ɗan leƙa sama da ɗari biyu, fanka ta yi ruri, ya dawo. Wannan hawa da saukar ba ciwo ba ne, numfashinta ne. Abin da za ka ji wa tsoro shi ne allurar da ta hau ta ƙi saukowa bayan hanya ta miƙe. Kuma ka san hanyoyinmu yanzu ba irin na wancan lokaci ba ne. Ni na tsaya a daji a banza na yi asarar jarka uku. Kai in ka tsaya a banza tsakanin Gatawa da gida, ban san wa zai fito maka daga cikin sabara ba. Direban da bai san lafiyar motarsa ba, shi ne mai tsayawa inda ba a tsayawa.

Wauta ta biyu jin maganar tasha ce. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba a bakin hanyar ruwan injin, wanda yake tsare ruwa sai injin ya ɗumama sannan ya buɗe. Duk direban tasharmu ya cire nasa. Suka taru a kaina: "Wanga don ƙasar ƙanƙara anka yi shi, Garba. Mu da rana ka gasa mu, mi za mu yi da shi?" Magana ta shige ni. Na san Mamman ba zai yarda ba, sai na lallaɓa wurin wani na cire. Allura ta kwanta can ƙasa, ni kuma na shiga tasha ina taƙama, ina kiran mutane su zo su ga motar da ba ta san zafi ba.

Ba a yi wata biyu ba ta fara tari da safe, tana farin hayaƙi, tana shan gas kamar an huda tankin. Baƙin mai kuwa ya riƙa lalacewa tun kwanansa bai kai ba. Abin haushin, da na ɗauki kaya sosai a rana tsaka, zafin bai fasa hawa ba. Na koma wurin Mamman ina sosa ƙeya. Ya miƙo mini hannu kawai. Na zaro ɗan ƙarfen daga aljihu na ba shi, ya mayar. Injin gas yana son ɗuminsa, Lawali, sanyi ba lafiya ba ne gare shi. Haka agogon baƙin mai: da sanyin safe zai tashi sama, in injin ya yi zafi kana tsaye sai ya sauko ƙasa, ka taɓa totur ya miƙe. Kada ka ga ya sauko ka ruga ka zuba mata mai mai kauri don wani ya ce. In ka taka totur ya ƙi tashi, ko ka ga yana rawa, to nan take ka kashe ta, kada ka ƙara taku ɗaya. A sansaninku za ka iske masana da yawa, kowa da abin da zai ce ka cire ko ka toshe. Ka gaishe su da ladabi, ka ba su goro in kana da shi, amma kada ka ba su sifana.

Yanzu ga ta ukun, wadda saboda ita na ɗauki biro. Ka gyara zama.

Agogon giya ya fi sauran surutu. Na ruwa yakan sami wuri ya zauna, shi kuwa ba ya zama. Da safe sai ka yi tafiya mai nisa bai motsa ba, don man giya ya fi ruwa jinkirin ɗumama. A kan kwalta ya tsaya wajen ɗari da saba'in zuwa ɗari da casa'in. Ka shiga yashi ya haura ɗari biyu. Ka fito ya sauko. Bayan abin da ya faru da Iya Tumba na riga na ƙudura cewa allura ba za ta sake mayar da ni abin dariya ba. Ga fasinja kuma, duk wanda ya zauna gaba sai ya nuna shi da yatsa ya ce, "Direba, wanga hwa yana tahiya." Rannan na gaji. Na cire hulata na rataya a kansa. Ta zauna daram, kamar don shi aka ɗinka ta. Daga ranar, in na shiga mota, kafin in tada ta sai na rataya hula. Na ce ai ga agogon ruwa, in akwai zafi shi zai faɗa.

Aka shiga tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai. Wani makiyayi, Ardo Jaɓɓi, ya aiko cewa shanunsa suna can hayin gulbi, gefen Unguwar Lalle, sun kwana biyu ba su ga ruwan kirki ba, wasu sun kasa tashi. Na cika tankin ruwa, na ƙara duro huɗu a kai, na ce yau za ni nuna wa Fulani abin da Dattijuwa ta iya. Gulbin ya bushe ƙurmus, yashi ne zalla mai faɗi. Maimakon in sauke ta zuwa ƙaramar giya in rage iskar taya, sai na bar ta a giyar tafiya na danna totur. Injin yana ruri, mota tana jan ciki. Na dubi agogon ruwa, yana wurinsa. Na ce madalla, na ƙara dannawa. Ban san cewa duk ƙarfin nan da ba ya isa ƙasa, a cikin man giya yake zama wuta ba.

Ƙauri ne ya fara gaya mini, irin na tuwon da ya kama a gindin tukunya. Sai injin ya yi sama, mota ta tsaya cak a tsakiyar gulbi. Na ɗaga hular. Allura ta wuce lambar ƙarshe, ta jingina da ƙusa. Na zaro sandar gwajin man giya, man da na sani ja garau ya koma baƙi, yana hayaƙi.

Daga inda nake ina hango shanun a hayi. Ardo ya gangaro da mutanensa, suka riƙa ɗibar ruwan a ƙwarya da bokiti suna haurawa da shi a ka, cikin yashin da ke ƙona tafin ƙafa. Waɗanda suka iya tashi aka koro su. Waɗanda ba su iya ba, ruwan bai kai gare su a kan lokaci ba; saniya biyu aka yanka kafin la'asar. Ardo bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dafa motar ya ce, "Ƙarhe na, Garba, shi ma yana gajiya. Ka yi ƙoƙari." Ni kuwa hular tana cikin aljihuna, na cusa ta tun kafin su iso.

Wata huɗu Dattijuwa ta yi a kan duwatsu a garejin Mamman kafin a sami wata giyar. Ka tuna shekarar da muka ci irin shuka? Kana tambayar Innarka me ya sa ake daka geron da Baba ya ce ba a taɓawa, ta ce maka ya fara ƙwari ne. Ba ƙwari ba ne. Hulata ce. Na gaya wa duk garin nan cewa giyar da ma ruɓaɓɓiya aka sayar mana, kai ma haka ka taso kana ji, har na ji ka kana ba abokanka labarin. Mamman ya sani, don yana buɗe ta ya dube ni ya ce, "Wagga ba ta mutu ba sai da tay yi kuwwa. Ina idonka yat tahi?" Innarka ma ta sani, don ita ta wanke hular, ta ga da'irar agogo ta fito a cikinta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da ta yi kawai, ranar da motar ta tashi, ta miƙo mini kwalbar jan farcenta ta ce, "Tunda lamba ba ta zama kanka, ɗiga mata alama." Asalin ɗige-ɗigen da ka taso kana gani a gilasan agogunan ke nan.

To ga abin da na saya da tsada, kai ka karɓa kyauta. Agogon ruwa ba ya ba da labarin giya, kowa gidansa daban. Tun kafin ka shiga yashi ko ka fara hawa da tanki, sauke ta ƙaramar giya da hannunka, kada ka jira ta yi wa kanta dabara. Da kaya, ɗari biyu zuwa ɗari biyu da ashirin aiki ne, kada ka firgita, ka dai sa ido. In ta wuce nan tana ci gaba, sassauta ƙafa. In ta doshi ɗari biyu da arba'in, nemi gari ko inda mutane suke ka tsaya. Kuma kada ka kashe injin: fitar da ita daga giya, ja birkin hannu, ka bar ta tana aiki a hankali, man ya zagaya ya huce. Za ka ga allurar ta ɗan ƙara hawa da ka tsaya, sannan ta juyo. Haka take yi. Kowace safiya ka ɗiga man giya a farar takarda, ka duba, ka sansana. Hancinka ma agogo ne.

Na san abin da za ka ce: "Baba, ai na sa mata ƙaramin lagireto na man giya, na kuma matsar da wayar agogon." Na gani, kuma na ji daɗi ƙwarai, ni ban taɓa wannan tunanin ba. Ka fi ni hannu, na faɗa, ka ajiye takardar nan shaida. Amma da ka mayar da wayar kan bututun da mai yake fitowa da zafinsa, lambar za ta fi wadda na saba gani lokacin da wayar take a kaskon gindin giya, za ta kuma fi saurin hawa da sauka. Ga tankin masu burtsatse ya fi duk abin da na taɓa ja. Ke nan inda allura take zama a hannuna ba nan za ta zauna a hannunka ba. Lambobin da na lissafa maka ma, ka riƙe su a matsayin wurin farawa. Ka ba ta kwana uku kana kallo: da safe ba kaya, da rana da kaya, a kwalta, a yashi. Inda ka ga tana komawa kullum, nan ne lafiyarta.

Shi ya sa yau bayan sallar asuba, kana wurin sallama da kawunnanka, na shiga motar da tsumma da ɗan fetur. Na goge ɗigona na agogon ruwa, na goge na baƙin mai, na goge na giya. Shekara goma sha biyar ina tuƙi da su. Ina gogewa ina murmushi. Guda ɗaya na bari, jan layin nan na can sama a agogon giya. Wannan ba nawa ba ne, na shanun Ardo ne da irin shukarmu. Kada ka goge shi, kada ka bari allura ta taɓa shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya sa duk inda kuka kafa ƙarfe ruwa ya ɓullo, Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, da tsayawar da ba ta da dalili, da wucewar da ba ta da hankali. Ƙannenka suna gaishe ka, Mamman ya ce ka riƙa duba fambel. Allah Ya yi maka albarka.

Kwalbar jan farcen tana nan cikin aljihun mota, a ƙarƙashin takardar nan, Innarka ta sayo sabuwa. Ka ɗiga naka da hannunka. Hularka kuma, ɗana, ka bar ta a kanka.

Mahaifinka,
Garba Direba
Sabon Birni